Jama'a, me za mu kira "sync" da Hausa?

Uwar Rigakafi: Assalamu alaikum. Ranar Litinin zan fara horar da ma'aikatan lafiya a Daura, 'yan Baure, Zango, Sandamu da Mai'adua, kan cike fom a waya da ODK, manhajar tattara bayanai. Komai na fassara, "sync" ce kaɗai ta gagare ni. Abin da nake so su gane: ka cike fom a ƙauyen da ba sabis, bayanin yana nan kwance a wayarka, sai ka samu sabis ka danna sannan ya isa ofis. Bara wata ta riƙe rahoton ƙyanda kwana tara tana zaton ya tafi. Gobe da la'asar zan kai takardun a buga.

Ɗan Kusugu: Wa alaikumus salam Hajiya. "Tura" mana. Kowa na tura kuɗi, kowa na tura hoto.

Mai Unguwar Bayanai: Tura hanya ɗaya ce. Ita wannan kai da kawowa take yi, rahotonka ya tafi, sabon fom ya sauko. Ni "kai-kawo" zan ce.

Malamin Nahawu: Duk ba su yi ba. Na daɗe ina ba da shawarar "juye". Manomi ya ɗauko hatsi daga gona ya juye a rumbu, waya ce buhun, kwamfutar ofis ce rumbun. Har an samu suna, juyen bayanai. Hausa tsantsa, ba aro.

Uwar Rigakafi: Malam, ta yi daɗin ji. Tsorona kada su ɗauka wayar za ta zama fanko, su ƙi dannawa.

Jikan Sarkin Aska: Mu da ke yawon gida-gida "sinkin" muke cewa tun zamanin shan inna. "Ka yi sinkin?" Kowa ya gane.

Malamin Nahawu: Sinkin! Inna lillahi. Haka za mu zuba ido harshe ya mutu? A Daura kuma, tushen Hausa bakwai?

Jikan Sarkin Aska: Ranka ya daɗe, asibiti da likita daga ina suka zo? Rahoto fa? Ita kalmar "manhaja" da kuke taƙama da ita ai Larabci ce.

Malamin Nahawu: Waɗannan sun kwana sun tashi a bakin mutane. Taku jiya aka haife ta.

Ɗan Kusugu: Matsalar dai ita ce sai Kano ta sa hannu kalma ke zama kalma. Da Bakano ne ya ƙirƙiro "juye" da tuni tana rediyo.

Bakanuwa a Funtua: Mu kuma me ya kawo mu ciki? Ku da ke cewa "tahi" ku fara gyara naku.

Ɗan Kusugu: Gyara? Naku ne ya karkace, Yaya.

Mai Unguwar Bayanai: Ku dawo kan hanya don Allah. Yaron da ƙafarsa ta saki farat ɗaya, ana son a ɗauki kashinsa sau biyu cikin kwana 14 da farawar abin, don a gwada ko shan inna ce. In rahoto ya kwana a waya, kwanakin nan ne ke zubewa. Tun 2020 aka ce mun rabu da ƙwayar shan inna ta daji, amma sa ido bai ƙare ba, ga mashaƙo ya zo ya same mu. A ba su kalmar da za ta sa su hau tudu neman sabis.

Uwar Rigakafi: To ga abin da zan buga. A katin aljihu: "Bai tafi ba sai ka TURA." A littafin horo zan sa kai-kawo in yi bayani. Misalin rumbu kuma da shi zan buɗe darasin, Malam, da izininka.

Malamin Nahawu: Misali kawai? To. A dai rubuta juye ko da a ƙasan shafi ne.

Jikan Sarkin Aska: Ku buga abin da kuke so, ranar Talata sinkin za ku ji.