Jirgin da ke biyo bayan "trainer", wane suna za mu ba shi?

1/ Masu wasan jirgin rimot, ku matso kusa. "Trainer" dai mun sallame shi tuni: jirgin koyo. Wani ya kawo "jirgin horo", amma horo a kunnen Bahaushe da bulala yake tafe, sai muka ajiye shi.

2/ Inda na maƙale shi ne jirgi na biyu, wanda Turawa kan kira "low-wing sport". Jirgin koyo, irin Sig Kadet LT-40 ko E-flite Apprentice, fiffikensa a saman jiki yake, bakunansa biyu sun ɗan ɗaga sama. Ka karkata shi ka saki sandar rimot, shi da kansa zai daidaita. Na biyun ba ruwansa da wannan tausayi. Fiffike a ƙarƙashin ciki, tudunsa sama da ƙasa kusan ɗaya, shi ya sa yake iya tafiya a rigingine. Yadda ka bar shi, haka zai ci gaba.

3/ Ni da kuɗina na koyi wannan. Ranar farko na karkata shi hagu, na saki sanda, na tsaya ina jiran ya miƙe kamar yadda na saba. Ina kallo hancinsa ya nutse a kunyar gyaɗa. Farfela ta rabu biyu, batir can gefe, yaran unguwa na ta shewa.

4/ An ce "mai fiffiken ƙasa". Ya faɗi siffa, amma bai kama kowane jirgi na biyu ba. Ugly Stik da Phil Kraft ya zana a shekarun 1960 fiffikensa a sama yake, kuma da shi mutane da yawa suka yi na biyunsu.

5/ "Jirgin ƙwararru" kuwa na ƙi shi ƙememe. Sunan kaɗai zai sa ɗan koyo ya ruga ya sayo ƙaramin samfurin jiragen yaƙi irin Spitfire ko P-51 Mustang, waɗanda in ka rage musu gudu wajen sauka sai fiffike ɗaya ya zube ba sallama.

6/ Baba, wani dattijon makaniki da ke zuwa kallonmu, shi ya warware. Ya ce, "Ɗana, ai yaye ne wannan. Yaron da aka yaye bai zama babba ba, nono kawai aka cire masa." Haka ma a gareji ake yaye yaron shago: ya iya aiki, sai dai maigida ya daina tsayawa a kansa. Jirgi irin Sig Four-Star 40 ke nan: yana sauka a hankali, amma ba ya gyara maka kuskure.

7/ To, jirgin koyo, sai jirgin yaye. Na karɓa.

Saura "aileron", ɗan ɓangaren da ke motsi a bayan fiffike. Ni "leɓen fiffike" nake cewa, Baba ya dage a kan "kunne". Ku raba mana gardama.