Neman shawara: sandunan claves ɗina sun ƙi yin amo

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyon kiɗan Kuba, sai na sayi claves, sandunan katakon nan guda biyu da ake buga ɗaya a kan ɗaya a kiɗan salsa da rumba. Tsawonsu kamar santimita 20. A waƙoƙin da nake saurare amonsu tangaran yake fita, har ya keta sauran kayan kiɗa. Nawa kuwa sai ƙwas-ƙwas, kamar ana buga muciya a bakin tukunya. Katakon ne ba shi da kyau, ko hannuna ne? Abin ya dame ni ƙwarai.

Mai Kalangu: Wa alaikumus salam. Malam, na fi zargin riƙonka. Sandar da za a doka, kada ka damƙe ta. Lanƙwasa yatsun hagu ka yi ɗan kogo da tafin hannunka, ka ɗora ta a kan yatsun da gindin babban yatsa, ta zauna sako-sako. Kogon nan shi ke ƙara amo, kamar ƙoƙon gurmi. Da ka matse ta, ka kashe muryarta. Ɗayar kuma riƙe ta da yatsu kawai, ka doki tsakiya, ka bar ta ta dawo da kanta. Mutanen Kuba na kiran wadda ake doka hembra, wato mace, mai dokan kuma macho, namiji.

Kafinta: Ɗan'uwa, auna nauyinsu. In ka ji su shafal, katako ne mai taushi, ba zai yi ba. Busasshen ice mai tauri ake so. Ni da madobiya ko kanya zan sassaƙa maka. Kada dai ka bar su a rana, hunturu ma tsaga su yake.

Ɗan Zango: In amon ya daidaita, sauran salon. Bugu biyar ne, uku sannan biyu, ko biyu sannan uku, kuma ba a sauya shi tsakiyar waƙa, don a kansa kowa ke tafiya. Nan Accra irin bugun muke ji a ƙararrawar kpanlogo, wato kiɗan rawar ƙabilar Ga. Ka fara da tafi tukuna.

Mai tambaya: Yaya Mai Kalangu, na saki riƙon yanzun nan, sai ga amo har ƙanwata ta leƙo daga tsakar gida. Allah ya saka da alheri. Yau da dare zan zauna wa uku da biyun nan.