Karanta jerin DNA na Chlamydia daga samfurin ido: DNA na mutum ya mamaye komai

Ɗalibin_Lab: Assalamu alaikum malamai. Samfurin da aka sharo daga fatar idon yara masu tirakoma, wato amosanin ido, gwajin PCR, mai ninka DNA don a gano shi, ya nuna akwai bakteriyar Chlamydia trachomatis a ciki. Amma da aka zuba a injin Illumina mai karanta jerin DNA, kusan duk abin da ya fito na mutum ne, na bakteriyar ɗan kaɗan. Ina gyaran yake?

Malam_Jinom: Wa alaikumussalam. Lissafi ne ya kayar da kai. Jinom ɗin wannan bakteriya, wato dukan DNA ɗinta, kimanin harafi miliyan 1.04 ne, sai plasmid, wani ɗan zoben DNA na daban, mai kusan 7,500. Sel ɗaya na mutum kuwa yana ɗauke da sama da biliyan 6. Kenan sel guda ya kai nauyin jinom ɗin bakteriyar kusan 6,000, ga shi ita ba ta rayuwa sai a cikin sel. Maganinsa kamun DNA da ƙugiya: kayan aikin SureSelect na amfani da gutsattsarin RNA masu harafi 120 da aka ƙera daga jinom ɗin da aka sani, su manne wa na bakteriyar, a janyo su da maganaɗisu, a wanke sauran. Kafin ka kashe kuɗi, auna yawanta da qPCR, wato PCR mai auna yawan DNA. Idan Ct, wato yawan zagayen ninkawa kafin a gano DNA ɗin, ya haura 30, alamar DNA ɗin kaɗan ne, sau da yawa jinom ɗin zai fito da giɓi.

Hajiya_Mikro: Akwai kuma renon ta a sel na McCoy ko HeLa da ake renowa a lab, a sa cycloheximide, sinadarin da ke hana sel ɗin haɗa furotin, a jira awa 48 zuwa 72. Amma sai tana da rai. Dole samfurin ya shiga ruwan SPG mai adana ta da rai tun a fili, ya isa firiza mai sanyin -80°C ba tare da ya narke a hanya ba. Busasshiyar auduga ta PCR ba ta tsirowa, ɗana. Nau'in ido ma ya fi na al'aura wuyar reno.

Ɗalibin_Lab: To Hajiya, in na karanta ompA kaɗai fa, wato yankin DNA da ake rarrabe nau'o'inta da shi? Ya fi araha.

Malam_Jinom: Zai gaya maka ko nau'in A ne, B, Ba ko C, shi ke nan. Wannan yankin yana yawan musayar gutsattsari tsakanin nau'o'i, don haka bishiyar dangantaka da aka gina da shi kan saɓa wa ta cikakken jinom. Idan so kake ka gane ko cutar da ta dawo bayan rabon maganin azithromycin tsohuwa ce ko shigowa ta yi daga wani gari, ompA ba zai wadatar ba. Ka duba yankin trpA ma: na ido sun lalace a nan, ba sa iya haɗa sinadarin tryptophan da suke buƙata daga sinadarin indole, na al'aura suna iyawa. Sannan ka tace jerin DNA na mutum ka cire, ta hanyar gwada shi da GRCh38, jinom ɗin mutum na ma'auni, kafin ka ɗora bayanan a rumbun jama'a.