Kwana uku a Italiya: wane zanen bangon coci zan fara gani?

Rifkatu: Salama, 'yan zaure. Aiki zai kai ni Benis wata mai zuwa, kuma zan samu kwana uku nawa na kaina. Na daɗe ina marmarin ganin tsoffin zanen bango na labaran Littafi Mai Tsarki da idona. Ta ina zan fara?

Istifanus: Anti, ki fara da birnin Padua. Wajen rabin awa ce a jirgin ƙasa. Ki nemi ƙaramar majami'ar Scrovegni, wadda mai zane Giotto ya ƙawata wajen shekarar 1305. Ki yanki tikiti tun daga gida. Kafin a shigar da ku sai kun zauna a wani ɗaki kamar minti 15, don kada danshi da ƙura su ɓata zanen, a ciki ma ba a daɗewa.

Malam Bulus: Tunda lokacin kaɗan ne, 'yata, ki tsaya gaban zanen sumbar Yahuza. Rawayar mayafinsa ya kusa lulluɓe Yesu gaba ɗaya, fuska na dab da fuska, Yesu na kallonsa cikin ido. Sanduna da wuta sun cika sama, ga Bitrus a gefe yana yanke kunnen bawa. Na karanta wurin nan a Littafi Mai Tsarki sau ba adadi, amma ranar da na ga zanen sai da hawaye ya zubo mini. Ki ɗaga kai kuma, rufin shuɗi ne da taurari.

Rifkatu: Baba, yaya launi ya kai shekara 700 bai goge ba?

Malam Bulus: A kan ɗanyen yaɓen farar ƙasa suke zanen, launin ya bushe tare da bangon. Shi ya sa kullum suke yaɓe iya inda za su gama a yinin.

Hannatu: Ni dai birnin Fulorens nake ba ki shawara. A ɗakin addu'ar Brancacci akwai korar Adamu da Hawwa'u daga gona, aikin Masaccio. Adamu ya rufe fuska da hannu, Hawwa'u ta buɗe baki tana kuka. Masaccio ya rasu a 1428 bai kai shekara talatin ba. A tsohon gidan sufaye na San Marco da ke Fulorens kuma, kina gama hawa matakala za ki yi arba da zanen Jibra'ilu gaban Maryamu, na Fra Angelico.

Istifanus: Garin Asisi fa? Bayan girgizar ƙasar 1997 an gyara babban cocin da ke can.

Hannatu: Ta yi nisa, gajiya kawai za ta kwasa.

Rifkatu: Na gode ƙwarai. Padua ranar farko, sauran biyun Fulorens. Istifanus, safe ko yamma ya fi?