Na raba takardun talla, amma shiru kake ji

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata biyu ke nan da na fara sana'ar wanke gilasan tagogi a Kano, ni da ƙanena. Na buga takardun talla 500 da rangwamen kashi 30 a wankin farko, muka raba a shagunan Zoo Road da gidajen Nasarawa. Mutum huɗu kacal suka kira, rangwame na ƙarewa suka ɓace. Wani ma cewa ya yi da ƙurar hunturun nan, yau ka wanke, gobe ta dawo. Gidajen kuwa, ina zargin takardun a hannun masu gadi suke maƙalewa. In bar rangwamen ne in koma yarjejeniyar wata-wata? Kuma ta yaya zan kai ga masu gida kai tsaye? Don Allah a taimaka mini da shawara.