Wane faifan rok na 1967 zuwa 1969 kuka taɓa saurara daga farko har ƙarshe?

Mai buɗe zance, Kaduna:
Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga waɗanda suka taɓa zama suka saurari faifan rok na Turawa na wancan zamani sukutum, ba waƙa ɗaya a tsinta ba. Wanne ne, kuma yaya kuka ji? Ni da Sgt. Pepper na Beatles na fara, na 1967, saboda yadda ake zuzuta shi. Gaskiya bai kama ni ba, ƙyale-ƙyalen sun yi yawa. Sai da aka zo waƙar George Harrison, ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar, mai kiɗan Indiya na gyara zama, don kunnen da ya tashi da finafinan Indiya ba baƙo ba ne a wurin.

Tsohon ma'aikacin rediyo, Fagge:
Wa alaikumus salam. Ɗana, na san a waya ka ji shi, kana ji kana amsa saƙo. Ba haka aka yi shi a ji ba. Faifan garmaho fuska biyu gare shi, kowace kamar minti ashirin, in ta ƙare sai ka tashi ka juya, ka hure ƙurar allura, ka sake ɗora ta a hankali. Waƙar da ka ambata ita ce ta buɗe fuska ta biyu, to ka ga bayan ka ɗan huta take zuwa maka. Sannan ka tuna mutanen nan sun daina hawa dandali tun 1966, saboda haka ba su damu da ko za a iya kaɗa abin a gaban jama'a ba. A ɗakin ɗaukar sauti na Abbey Road da ke Landan suka tare, da na'ura mai layi huɗu kacal, in layukan sun cika a haɗe su wuri guda a sake ɗorawa. Mu da muka yanka tef da reza muka liƙa, mun san wahalar da ke ciki. Amma in don raina ne, faifan Disraeli Gears na ƙungiyar Cream ya fi kwanta mini.

Jikan makaɗa, Sakkwato:
Kawu ya taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ni saboda mai gangarsu na nemi Cream, wato Ginger Baker, bayan na ji ya yi faifai da Fela a 1971, daga baya har ya buɗe ɗakin ɗaukar sauti a Legas. Na saka Wheels of Fire na 1968, inda akwai wani kiɗa na wajen minti goma sha shida da akasarinsa shi kaɗai ke dukan ganga. Hannu kam akwai, da ƙafa biyu a kan manyan ganguna biyu. Sai dai a gidanmu ganga magana take yi, ana kirari da ita, ana amsa mata. Wannan kuwa ba wanda yake yi wa magana. Tun kafin a kai rabi na fara hamma.

Ɗan Agadas:
Ku dai ku bar mini Jimi Hendrix. Are You Experienced, 1967. A kaset na ji shi wurin wani yayana mai jita, muna shan shayi, kaset ɗin ma ba suna a jikinsa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda yake sa jita ta yi kururuwa da gangan, ƙarar nan da lasifika ke yi wadda kowa ke gudu, shi ya mayar da ita kiɗa. Bahago ne, jitar 'yan dama ya kifar ya sake jera tsirkiyoyin. A nan ba tsohon labari ba ne, ku saurari masu jitarmu na Nijar, Bombino ko Mdou Moctar, shi ma bahago, za ku ji ƙamshin abin.

Ɗaliba, Zariya:
Ni Pink Floyd na farko na gwada, The Piper at the Gates of Dawn. Akwai wani kiɗa a ciki da ya kusa minti goma ba a ce uffan ba. Umma ta leƙo ta ce ko rediyon ne ya lalace. Ban iya kare shi ba. Kuma mu faɗi gaskiya, ƙwaya ta taka rawa a irin wannan kiɗan, kuma jagoransu Syd Barrett bai wanye lafiya ba, a 1968 ya bar ƙungiyar hankalinsa ya taɓu. Ƙananan waƙoƙinsa masu kama da tatsuniya ne kawai nake komawa kansu.

Dattijo, Zangon Kumasi:
'Yata, ba duka ne haka ba. Nemi faifan ƙungiyar Santana na farko, 1969. Kiɗan Jingo da ke ciki na Babatunde Olatunji ne, ɗan Najeriya, suka ɗora masa jita. Da suka zo Akara a Maris 1971 wajen bikin Soul to Soul ina cikin taron, ina saurayi, ba wanda ya buƙaci a fassara masa komai.

Mai buɗe zance:
To Kawu na Fagge, na ji. Garmahon naka yana aiki har yanzu? In yana yi, zan shigo Kano ƙarshen wata in ji fuska biyun a zaune.

Tsohon ma'aikacin rediyo:
Injin lafiya lau, allura ce ta cinye. In ka samo mini ita ka zo, amma Cream za mu fara sakawa.