Sayen linki don shafin bankin microfinance, akwai matsala?

ɗan_kwari:
Slm jama'a. Ni nake kula da shafin intanet na wani ƙaramin bankin microfinance a nan Kano, lasisin jiha gare mu. Oga ya matsa min wai shi in an rubuta "rance ba ruwa a Kano" a Google yana so ya gan mu a shafin farko, yanzu muna can shafi na huɗu inda ko ɓata hanya mutum ya yi ba zai kai ba. To wani gaye ya min magana a WhatsApp wai zai sa mana linki 500 daga wasu shafuka zuwa namu cikin sati ɗaya don Google ya ɗaga mu, kuɗin ma ba yawa. Na tambaye shi waɗanne shafuka ne yace sirrin sana'a ne. Don Allah masu SEO, wato masu sana'ar ɗaga shafi a binciken Google, in karɓa ko in gudu?

Maman_Hanif:
Gudu ɗan'uwa, kar ma ka waiwaya. Tun 2012 da Google suka fito da Penguin, wani tsarinsu na gano linkin bogi, suke farautar linkin saye, kuma harkar kuɗi da lafiya suna cikin abin da suke kira YMYL, wato shafukan da in sun yi ƙarya mutum zai iya asarar dukiyarsa ko lafiyarsa, awon da ake musu ya fi na shafin girke-girke tsanani nesa ba kusa ba. Sirrin sana'ar nan da yake faɗa maka shafukan caca ne da matattun bulog da ba mai karantawa. Ka yi tunanin banki mai cewa ba ruwa, sunansa a manne a gefen tallan caca.

injiniya_zk:
Ni Google ma ba shi ne tsorona ba. Na taɓa aiki da wani kamfanin ba da rance, muka biya aka rubuta mana labarai aka watsa, ba wanda ya karanta kafin su fita, ashe yaron da ya rubuta ya sa "rance cikin minti biyar ba jingina a ko'ina a Najeriya", abin da ba mu taɓa cewa ba. Sai da mai kula da bin doka ta ofis ta buga takardar ta ajiye min a tebur ta ja layi da jan biro, wlh ranar ko abincin rana ban ci ba. Wata biyu muna bin masu shafukan muna roƙo su sauke, wasu har kuɗin saukewa suka nema, sauran na tattara na kai Search Console, wato dandalin Google na masu shafi, na ce Google ya daina lissafa su.

Ku da lasisin jiha gare ku, wanda bai ba ku damar aiki a wajen jiharku ba, irin wannan jimlar kaɗai ta isa CBN su tambaye ku ya aka yi. Ga ARCON kuma, hukumar kula da talla ta ƙasa, tun dokar 2022 da ta sa ta maye gurbin tsohuwar hukumar APCON, talla sai an tantance kafin ya fita, kuma rubutun da ka biya aka saka ai talla ne ko da an sa masa rigar labari. In dole sai kun biya, a sa wa linkin alamar sponsored, mai nuna cewa biya aka yi, da Google suka kawo a 2019, amma ka sani shi ba zai ɗaga ku ba, mutane kawai zai kawo.

Baffa_Sabongari:
Kun tsorata yaro ba ku ba shi mafita ba. Ɗana fara da na kusa, in kuna cikin ƙungiyar bankunan microfinance ta ƙasa ko KACCIMA, cibiyar 'yan kasuwa da masana'antu ta Kano, ka tambaya ko za su sa adireshinku. Sannan ka rubuta abin da ɗan jarida zai buƙata da Hausa, misali a 2024 NDIC, hukumar inshorar kuɗin ajiya a banki, ta ɗaga inshorar ajiya a microfinance daga naira dubu 200 zuwa miliyan 2, 'yan kasuwa nawa suka san haka? Ko bayanin murabaha, wato banki ya sayo kaya ya sayar maka da ribar da aka bayyana, da lissafi a fili, keken ɗinki kaza, riba kaza, wata kaza. Irin wannan ake ɗauka a yi nuni da shi, a sa muku linki ba da kun biya ba. Amma fa a hankali yake tafiya, ba aikin sati ba ne.

ɗan_kwari:
Na gode Baffa, na gode kowa. Na toshe gayen. Saura yadda zan gaya wa oga maganar "a hankali", don shi Juma'a ya ba ni.